Armeniyawa Da Mayaƙansu Cikin Wasannin Yaƙi Na Kwamfuta

Akwai wani irin wasa da a ke yi da kwamfuta wanda ya yi kama da dara, sai dai a maimakon gurabe da 'ya'yan dara, taswirar duniya ce a ke shimfiɗa wa mai wasa, da birane da runduna a kanta. Mai wasa ya kan zaɓi wata al'umma ta zamanin da, ya zama shi ne sarkinta. Shi zai karɓi haraji, ya gina ganuwa, ya tara dakaru da barade, sa'an nan ya fita yaƙi da maƙwabta har ya ci su ko su ci shi. Ana kiran waɗannan wasannin dabarun yaƙi na tarihi. Masu yinsu miliyoyi ne ko ina cikin duniya, da yawa kuwa samari ne waɗanda ba a makaranta suka fara jin sunan waɗansu al'ummai ba, a cikin wasan suka ji. Abin da yaro ya fara gani kuwa shi ya kan zauna masa a ka.

Armeniyawa suna cikin waɗanda wannan al'amari ya fi shafa, don ƙasarsu ƙarama ce, ba ko wane littafin makaranta ke ambatonta ba. Asalin mazauninsu duwatsu ne masu sanyi, kudu da tsaunukan Kaukasus, inda kogin Furat da na Dijla suka ɓuɓɓugo. Ƙasar Armeniya ta yanzu, wadda babban birninta Yereban, yanki ne kaɗan daga cikin mazaunin nan, mutanenta wajen miliyan 3, ba ta kuwa taɓa teku ta ko wace fuska ba. Tun wajen shekara ta 520 kafin haihuwar Annabi Isa aka sassaƙa sunanta a jikin dutsen Behistun, cikin jerin ƙasashen da ke ƙarƙashin Dariyus Sarkin Farisa. Daga nan har shekaru fiye da dubu biyu, kusan kullum tana tsakanin manyan dauloli biyu, ɗaya a gabas ɗaya a yamma, ko wace tana so ta haɗiye ta.

Abin da mutanen da suka fi sanin Armeniya da shi doki ne. Zenofon, wani Bayunane da ya ratsa ƙasar da runduna cikin hunturun shekara ta 401 kafin haihuwar Annabi Isa, ya tarar ana kiwon dukusai a ƙauyuka don gandun Sarkin Farisa. Istirabo, masanin labarin ƙasa, ya ce ko wace shekara hakimin Armeniya ya kan aika wa sarkin da dukusai 20,000. Mulkin ƙasar a hannun manyan gidajen sarauta ya ke, waɗanda a ke kira nakarar. Ko wane gida yana da ƙasarsa da birninsa bisa dutse, kuma akwai adadin mahaya da zai kawo in an buga tambarin yaƙi. Ƙarƙashinsu akwai azat, watau 'ya'ya, ƙananan masu ƙasa waɗanda aikinsu shi ne hawa. Rundunar dawakin sunanta ayrudzi, ma'anarsa mutum da doki. Shugabanta shi ne isfarafet, kamar a ce Madawaki, sarautar kuwa ta daɗe tana gado a gidan Mamikoniyan. Manyan baradensu kamar 'yan lifida su ke, amma na ƙarfe: mahayi da dokinsa duk a lulluɓe da sulke, da dogon mashi da a ke riƙewa da hannu biyu.

To, wannan barde mai sulke shi ne Ba'armeniyen da wasanni suka fara nunawa. A shekarar 2004 wani kamfani na Ingila mai suna Creative Assembly ya fitar da Rome: Total War, wasan da ke farawa a shekara ta 270 kafin haihuwar Annabi Isa. An sa Armeniya a kusurwar gabas ta taswira, aka ba ta barade masu sulke da maharba bisa dawaki. Wannan ya dace da tarihi. Amma ba a yarda mai wasa ya zaɓe ta ya yi sarautarta ba, sai in ya san yadda zai shiga cikin injin wasan ya yi 'yan gyare-gyare. Watau dai an ajiye ta ne don wani ya zo ya ci. Dakarun da aka fara ba ta kuwa, masu mashi da garkuwar saƙa, irinsu ɗaya da na Fartiya da na Fontus, kamar dukan mutanen gabas uwa ɗaya ta haife su, kuma da an matsa musu sai su watse.

Masu wasan ba su ƙago wannan hoto da kansu ba, daga littattafan Rumawa da Yunanawa suka ɗauko shi. Labarin da ya fi shahara shi ne na yaƙin Tigranakat. Tigran na Biyu, wanda a ke yi wa laƙabi da Mai Girma, ya hau gadon sarauta a shekara ta 95 kafin haihuwar Annabi Isa, ya ƙwace ƙasashe daga hannun Fartiyawa, a shekara ta 83 ya karɓi Siriya, har mulkinsa ya kai Bahar Rum. A shekara ta 69 sai Lukullus, sarkin yaƙin Rumawa, ya zo ya kewaye sabon birninsa. Fulutak ya ce Tigran ya zo da mahaya 55,000, cikinsu 17,000 masu sulke. Lukullus ya ga an jera masu sulken a gindin wani tudu, sai ya zaga da dakaru ya hau tudun ta bayansu, ya umurci mutanensa kada su yi jifa da mashi, su matsa kurkusa su sari cinya da ƙwauri, inda sulke bai rufe ba. Baraden suka juya da gudu, suka faɗa kan dakarunsu, runduna ta rikice. Fulutak ya ce an kashe wa Tigran dakaru fiye da 100,000, Rumawa kuwa mutum 5 kaɗai suka rasa. Kai, ko yaro ya ji wannan lissafi ya san wanda ya ci yaƙin ne ya ƙirga gawa. Masana na yanzu ba su karɓi adadin ba, amma siffar da labarin ya bari, ta taron gabas mai yawan banza wanda 'yan Rumawa kaɗan ke korawa, ita ce ta bi littafi bayan littafi har ta shiga kwamfuta.

Akwai abu guda cikin wasan na 2004 da mai wasa zai zaci wasa ne kawai, alhali yana da tushe. An ba Armeniya waɗansu dakaru masu shiga irin ta sojan Rum. Afiyan, wani marubucin tarihi, ya faɗi cewa bayan Tigranakat, Mitiridat Sarkin Fontus, surukin Tigran, ya zaɓi Armeniyawa ya rarraba su ƙungiya-ƙungiya bisa tsarin Rumawa, ya ba hafsoshinsa su hore su. Ashe mutanen da aka ce ba su san kome ba sai gudu sun iya koyon darasi daga wanda ya ci su. Haka kuma a shekara ta 53, Artabazd ɗan Tigran ya ba Karasus shawara in zai yaƙi Fartiya ya bi ta duwatsun Armeniya, inda dawakin Fartiyawa ba su da amfani, ya kuma yi masa alkawarin barade masu sulke 10,000 da dakaru 30,000. Karasus ya ƙi, ya bi ta fili, aka hallaka shi da rundunarsa a Haran.

Daga baya kamfanin ya gyara. A 2014 aka buɗe Armeniya cikin Total War: Rome II, har aka sa rundunar barade da sunan azat. A 2021, da aka sabunta tsohon wasan, nan ma aka bar mai wasa ya zaɓe ta.

Wasannin da suka shafi zamanin yaƙe-yaƙen 'yan Salibi sun ba Ba'armeniye wata riga dabam, ta mai yi wa wani yaƙi. Cikin Medieval: Total War na 2002 akwai baraden Armeniya, amma wanda ya mallaki ƙasarsu shi ke ɗaukarsu. Cikin na biyunsa, na 2006, sojan haya ne, mai kuɗi ya saya. Gaskiya ne Armeniyawa sun cika rundunonin waɗansu, sai dai ba a nan labarin ya tsaya ba. Narsis, wanda ya ci Gotawa a Italiya a 552 da sunan Sarkin Rum ta Gabas, Ba'armeniye ne. Sarakunan Kustantiniya da dama jininsu ne, kamar Liyo na Biyar da ya hau a 813, da Romanos Lekafenos, da Yohana Cimiskes wanda ya yi sarauta daga 969 zuwa 976. A Masar ma, sa'ad da daular Fatimiyawa ta rikice, Badar al-Jamali ne aka kirawo daga Akka wajen 1074. Asalinsa bawa ne Ba'armeniye da ya musulunta. Ya zo da sojansa Armeniyawa, ya kwantar da fitina, ya riƙe wazirci har ya rasu a 1094, ɗansa al-Afdal ya gaje shi. Ƙofofin Alƙahira uku da ya gina, Babul Futuh da Babun Nasar da Babu Zuwaila, suna nan tsaye. Mutumin da ya zama waziri ko ya hau gadon sarauta ya wuce a lissafa shi cikin 'yan haya.

Wasan da ya fi ba Armeniyawa fili shi ne Age of Empires II na kamfanin Microsoft. A watan Oktoba na 2023 aka yi masa ƙari mai suna The Mountain Royals, aka shigo da al'ummai biyu maƙwabtan juna, Armeniyawa da Jojiyawa. Abin mamaki, mutanen da duniya ta sani da doki tun zamanin Zenofon sai aka mai da su gwanayen yaƙin ƙasa da na ruwa. An ba su maharbi mai baka wadda kibiyarta ke huda sulke, da limamin majami'a mai riƙe da makami, yana yaƙi yana warkar da masu rauni, da majami'a mai kauri kamar ganuwa inda talakawa ke fakewa, da keken alfadari mai bin masu saran itace da masu haƙar ma'adinai. Jiragen ruwansu aka ƙarfafa. Dawakinsu kuwa aka rage musu ƙarfi, har aka hana su matakin ƙarshe na manyan barade. Jojiyawa aka ba doki.

Dalilin wannan yana ga yadda a ke ƙera wasan. Dole ko wace al'umma ta bambanta da sauran, ta sami inda ta fi ƙarfi da inda ta gaza, in ba haka ba wasa ba ya daɗi. Wasan ya riga ya cika da al'ummai masu dawaki, ga kuma biyu sun zo tare daga wuri ɗaya. Sai aka raba musu kaya kamar rabon gado, wannan ya ɗauki doki, wancan ya ɗauki jirgi. Don a sami hujjar jirgin, sai aka bar tsohuwar Armeniya ta kan duwatsu aka koma Kilikiya.

Ga yadda Armeniyawa suka je can. Gidan Bagratuni ya maido da sarauta a 885, suka mai da Ani babban birninsu a 961. A 1045 Rum ta Gabas ta karɓe Ani, a 1064 kuma Alf Arsalan Sarkin Saljuƙawa ya ci ta. Manyan gidaje da mabiyansu suka yi ta ƙaura kudu maso yamma, zuwa duwatsun Toros da ke kallon Bahar Rum. Wajen 1080 wani mai suna Ruben ya kafa sarauta a nan. Ta yi ta girma har aka naɗa jikan gidan, Lebon, sarki a Tarsus a 1198. Tashar Ayas ta zama babbar kasuwa inda kayan gabas ke haɗuwa da fataken Turai, ta nan Marko Folo ya bi a 1271 kan hanyarsa ta zuwa Sin. Amma jiragen da suka cika tashar galibi na mutanen Benis ne da Jenowa, waɗanda Lebon ya ba izinin ciniki tun 1201. Sarkin Kilikiya kuɗin fito ya ke karɓa. Ƙarfinsa na yaƙi yana ga biranen da aka gina bisa ƙololuwar duwatsu, irin su Bahka da Lamburon da Sis, da kuma mahayansa, waɗanda suka koyi salon baraden Faransawa 'yan Salibi, daga baya kuma suka yi yaƙi kafaɗa da kafaɗa da Mongoliyawa a Siriya a 1281 da 1299. Kuɗin azurfar waɗansu sarakunan Kilikiya hoton sarki ne bisa doki. A ƙarshen ƙarni na 13 har littafin maganin dawaki aka rubuta a can da harshen Armeniya. Ko a Kilikiyar ma, ashe, doki bai bar hannunsu ba.

Baka tana da hujja, don an san maharban Armeniya cikin rundunar Fatimiyawa. Limami mai makami ne hujjarsa ta yi ƙaranci. Malaman majami'a sun kan bi runduna su yi mata addu'a da wa'azi, amma tattara su a mai da su ƙungiyar mayaƙa da a ke horarwa aikin masu wasa ne.

Inda wasan ya kyauta shi ne labarin Toros na Biyu, wanda mai wasa ke bi kashi biyar. Sarkin Kustantiniya Yohana Komnenos ya ci Kilikiya wajen 1137, ya tafi da Toros da ubansa a ɗaure. Uban ya mutu a kurkuku. Toros ya gudo bayan 'yan shekaru, ya karɓe biranen gidansu ɗaya bayan ɗaya, a 1152 ya fatattaki rundunar Rum a Mamistira. A 1156 ya haɗa kai da Renal na Shatiyon, mai mulkin Antakiya, suka haye tsibirin Ƙubrus suka yi ɓarna mai muni, alhali mutanen tsibirin Kirista ne kamarsu. Wasan bai tsallake wannan hari ba, ya kuwa yi daidai, don al'ummar da ba a nuna laifinta ba, ba a ɗauke ta mutane ba tukuna.

Bahaushe yana da ma'aunin da zai gwada wannan aiki da shi. A 2021 an sa Hausawa cikin Age of Empires III, da Kano a matsayin babban birni, da Sarauniya Amina ta Zazzau a matsayin shugaba, da 'yan lifida da maharba Fulani da maroƙa cikin runduna. Ko wane ɗaya yana da asali, amma an ɗebo su daga garuruwa dabam da zamani dabam an zuba a ƙwarya ɗaya. Wanda ya san ƙasar zai gane kayan gidansu, ya kuma ga an jera su yadda ba a taɓa jerawa ba. Haka Ba'armeniye ke ji in ya ga limami da jirgi.

Akwai kuma abin da irin wannan wasa ba shi da ma'aunin aunawa ko kaɗan. A wasa, wanda ya faɗaɗa ƙasa shi ya ci, wanda aka karya rundunarsa ya faɗi. In an bi wannan, Tigran ne kaɗai abin faɗi cikin tarihin Armeniya, shi kuwa shekara 14 ya riƙe Siriya, a shekara ta 66 ya miƙa wuya ga Fomfe. Yaƙin da Armeniyawa da kansu suka fi tunawa kuwa ba su ne suka ci shi ba. Bisa ga tarihinsu, a 301 Sarki Tirdat ya karɓi addinin Kirista ya mai da shi na ƙasa, ko da ya ke waɗansu masana sun ce wajen 314 ne. A 387 Rum da Farisa suka raba ƙasar tsakaninsu. Wajen 405 wani malami, Mesrof Mashtots, ya ƙago musu baƙaƙe 36, aka fara fassara littattafai da rubuta tarihi da harshensu. Da Yazdagird na Biyu, Sarkin Farisa, ya matsa musu su koma addinin Majusu, sai Bardan Mamikoniyan, isfarafet, ya tara manyan gidajen da suka yarda da shi, don waɗansu sun bi Farisa. Aka gamu a filin Abarayir a 451. Farisawa sun fi yawa, ga giwaye. Aka kashe Bardan da manyan mutanensa da dama, wani limami Gebond da ya ƙarfafa wa runduna zuciya aka kama shi, daga baya aka kashe shi. A lissafin kwamfuta magana ta ƙare ke nan. Amma tawaye ya ci gaba cikin duwatsu, har a 484 Farisa ta yi sulhu da Bahan Mamikoniyan, ɗan ɗan'uwan Bardan, a Nabarsak, ta bar musu addininsu, ba da daɗewa ba kuma ta naɗa shi hakimin ƙasar. Majami'ar Armeniya tana bikin tunawa da Bardan ko wace shekara.

Wasanni biyu sun ɗan kusanci wannan. Cikin Civilization VI na 2016 ba a zaɓen Armeniya, sai dai an sa Yereban a matsayin ƙaramin birni mai cin gashin kansa, wanda amfaninsa na addini ne, manyan dauloli suna ta aika masa jakadu don su jawo shi, ko su taso su ci shi. An ƙanƙantar da ƙasar ƙwarai, amma zaman ƙarami tsakanin manya ya fito. Crusader Kings III kuwa, na kamfanin Paradox da ke Siwidin, wanda ya fito a 2020, ya fi sauran fahimtar yadda gidan sarauta ke tsira. A cikinsa mutum ya kan yi caffa ga wanda ya fi shi ƙarfi, ya ƙulla aure, ya biya gandu, ya yi haƙuri har jikansa ya sami abin da shi bai samu ba. Da irin wannan hanya Ashot Bagratuni ya bi har Halifan Bagadaza ya aiko masa da kambin sarauta, Sarkin Kustantiniya ma ya amince da shi. Da ita Hetum na Farko ya yi doguwar tafiya daga Kilikiya zuwa Karakorum a 1254, ya nemi amana wurin Mongke Sarkin Mongoliyawa tun ba a zo an ci ƙasarsa ba.

Amanar ba ta hana ƙarshe zuwa ba. Mamalik na Masar suka yi ta kai wa Kilikiya hari tun 1266, a 1375 suka ci Sis, suka tafi da sarki na ƙarshe, Lebon, Alƙahira. Bayan an fanso shi ya yi ta yawo fadojin Turai yana neman taimako, ya mutu a Faris a 1393. Armeniyawa dai suka ci gaba da zama a garuruwansu ba sarki nasu, har zuwa 1915, sa'ad da gwamnatin Usmaniyya ta shiga kwashe su tana kora su hamadar Siriya. An kiyasta waɗanda suka hallaka tsakanin 600,000 da 1,500,000. Yawancin masana tarihi da ƙasashe da dama suna kiran abin kisan ƙare dangi, gwamnatin Turkiyya ba ta yarda da wannan suna ba. Waɗanda suka tsira suka bazu Labanan da Faransa da Amurka da sauran wurare, yau Armeniyawan da ke waje sun fi na gida yawa. Sabo da haka jikokinsu ke sa ido ƙwarai kan abin da a ke zanawa da sunansu, don wurare da yawa da wasannin ke nunawa ba su da sauran Armeniyawa a ciki. Ani kufai ce a gefen Turkiyya na iyaka, ana hango ta daga Armeniya ta ƙetaren kogin Akuriyan. Sis yanzu Kozan a ke kiranta, Ayas kuwa ta zama wani ƙaramin gari na masunta da masu zuwa shan iska, sunansa Yumurtalik.